Lewis Hamilton da mutum dubun da ke bayan sitiyarinsa

Mu mutanen zango ba mu gaji tseren motoci ba. Abin kallonmu ƙwallon ƙafa ne, sai dambe, sai kuma kilisar dawaki ranar Sallah a gidajen da har yanzu ake da barga. Amma a 'yan shekarun nan, wanda ya leƙa wayoyin samarinmu a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango ranar Lahadi zai tarar wasunsu sun zuba ido ga waɗansu motoci masu kama da fara, suna zagaya fili ɗaya sau hamsin ko sittin. In ka tambayi dalili, sunan mutum ɗaya za a faɗa maka: Lewis Hamilton. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikin direbobin gasar Formula 1, kuma ya yi shekara da shekaru yana barin sauran a baya. Wanda ya tashi a matsayin ɗan tsiraru, ana tambayarsa asalinsa a garin da aka binne cibiyar kakansa, ba ya bukatar a yi masa bayanin daɗin da ke cikin wannan.

Mu ma muna son sa. Abin da ya dame mu shi ne yadda muke ba wa 'ya'yanmu labarinsa. Mukan ce musu ɗan talaka ne, ya dage, Allah ya ɗaukaka shi, don haka kowa ya dage. Maganar ba ƙarya ba ce, amma rabin labarin ce, kuma rabin da muke bari shi ne wanda ya fi shafarmu.

An haifi Hamilton ranar 7 ga Janairun 1985 a garin Stevenage na Ingila. Mahaifiyarsa Carmen Baturiya ce, mahaifinsa Anthony kuwa iyayensa sun zo ne daga tsibirin Grenada a yankin Karebiyan. Iyayen sun rabu yana ɗan shekara biyu. Yana shekara 8 ya fara tsere da ƙananan motocin yara, waɗanda ba su da rufi, ba su kuma da komai sai inji da sitiyari da tayoyi huɗu. Motar da uban ya iya saya masa ta hannu ce, ta riga ta sha jiki a hannun wasu. Domin a biya kuɗin taya da mai da na shiga gasa, Anthony ya riƙa haɗa aiki uku, wani lokaci har huɗu, kuma duk da haka shi ne bakaniken ɗansa a ƙarshen kowane mako.

Akwai wani abu da Hamilton ya sha faɗa game da wannan lokaci, wanda ya kamata kowane uba a cikinmu ya ji. Uban yakan je bakin kwana ya lura da daidai inda yaron da ya fi kowa gudu yake taka birki, sai ya ƙara 'yan taku gaba ya tsaya, ya ce wa ɗansa sai ya iso inda yake tsaye zai taka nasa. Yaron ya yi ta kwacewa yana fita daga hanya, ana komawa ana sakewa, har ƙafarsa ta saba. Jinkirin taka birki da aka san shi da shi daga baya a manyan filayen duniya, a nan aka dasa shi, a gefen wani ƙaramin fili cikin sanyin Ingila, da uba a tsaye.

Sai dai guminsa da na ubansa iyakarsu ke nan. Yana shekara 10 ya ci gasar yara ta Birtaniya, kuma a wurin bikin ba da kyauta ya tunkari Ron Dennis, shugaban kamfanin McLaren, ya ce masa wata rana yana so ya tuƙa motarsa. A 1998, yana shekara 13, McLaren ya ɗauke shi cikin shirinsa na renon direbobi, ya karɓi nauyin da ya fara fin ƙarfin gidansu. Daga nan ne tsanin ya miƙe: zakaran Formula Renault ta Birtaniya a 2003, na Formula 3 ta Turai a 2005, na GP2 a 2006, sannan Formula 1 a 2007. A cire sa hannun Ron Dennis daga wannan lissafi, da wuya mu taɓa jin sunan yaron. Shi ma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Dalili kuwa shi ne tsanin na sayarwa ne, mataki mataki. Yaron da yake son ƙwallo yana bukatar fili da takalmi, wani lokaci ma ko takalmin babu, kuma mun ga yadda 'ya'yan zango suka fita daga lungu suka kai ga manyan ƙungiyoyin Turai. Yaron da yake son tseren mota kuwa, kowace shekara sai an zuba masa kuɗin da ya ninka na bara, kafin ya kai matakin ƙarshe ana maganar miliyoyin Yuro. A ƙarshen tsanin kuma kujeru 20 ne kacal aka daɗe ana rabawa tsakanin mutanen duniya duka, sai a 2026 suka zama 22. A duba waɗanda suke zaune a kai. Max Verstappen ɗan tsohon direban Formula 1 ne. Nico Rosberg, wanda ya ƙwace kambu daga hannun Hamilton a 2016, ɗan zakaran 1982 ne. Mahaifin Lance Stroll ya jagoranci sayen ƙungiya sukutum a 2018, ɗansa kuma ya samu kujera a cikinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, balle in barewar ce ta mallaki filin. Wanda ya fito daga gidan da ba kuɗi, irin Esteban Ocon na Faransa, sai da iyayensa suka sayar da gidansu suka koma kwana a motar tafiye-tafiye. Hamilton da kansa ya koka a 2021 cewa wasan ya zama dandalin 'ya'yan attajirai, kuma da yanzu ne zai fara, da ba zai kai ba.

To shekara kusan ashirin ke nan da shigarsa, ya ci kambu bakwai daidai da Michael Schumacher, ya ci tsere 105 zuwa ƙarshen 2025, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa, an ba shi sarautar Sir a fadar Ingila, amma har yau ba baƙar fata na biyu da ya biyo shi. Ƙofar da muka ɗauka ya buɗe, ashe tsaguwar bango ce da mutum ɗaya ya samu ya ratsa.

Yanzu mu koma ga motar kanta, domin a nan ne labarin yake da nauyi. Mu da muka san sukuwa mun san cewa in doki ya zo na ɗaya, yaron da ke kansa ake ɗagawa sama, amma masu hankali sukan tambayi na wane ne dokin, wa yake ba shi dawa da kanwa, wa yake duba kofatonsa da asuba. Haka abin yake a Formula 1, sai dai bargar ta fi girma. Ƙungiyar Mercedes, inda Hamilton ya koma a 2013 ya ci kambu shida daga cikin bakwai ɗinsa, tana da ma'aikata fiye da dubu, ana ƙera jikin motar a Brackley, injin kuma a Brixworth. Akwai wanda aikinsa duka shi ne lissafin yadda iska take bi ta kan fiffiken gaba. Akwai mai nazarin zafin taya, akwai mai rubuta manhajar da ke kula da batir, akwai wanda yake zaune a Ingila gaban kwamfuta ana tsere a Japan, yana lissafa zagayen da ya dace a sauya taya. In motar ta tsaya, mutum wajen ashirin ne suke rufar mata su sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Kafin a sa wa ƙungiyoyi iyakar kashe kuɗi ta dala miliyan 145 a 2021, manyansu sun fi ninka wannan a shekara.

Wanda yake shakkar nauyin mota ya tuna Disambar 2020. Korona ta kama Hamilton, aka ɗauko wani saurayi George Russell daga ƙungiyar Williams, inda ya yi kusan shekara biyu bai samu ko maki ɗaya ba, aka ɗora shi a motar Hamilton a tseren Sakhir na Baharain. Motar ma ta yi masa kaɗan, sai da ya matse ƙafarsa cikin takalmin da bai kai nasa ba. Ya tashi a matsayi na biyu, ya karɓe gaba tun kwanar farko, ya jagoranci mafi yawan tseren, kuma ba don ruɗanin taya da aka yi masa da fancar da ta biyo baya ba, da shi ya ci. Yaron bai ƙaru da komai cikin mako ɗaya ba, doki aka sauya masa. A juya kuma a duba 2022 da 2023, da aka sauya dokokin ƙira injiniyoyin Mercedes suka kuskure hanya: Hamilton ɗin nan dai, da hannunsa da idonsa, ya yi shekara biyu cur bai ci tsere ko ɗaya ba, sai a Yulin 2024 a Silverstone, inda ya fashe da kuka. Shekararsa ta farko a Ferrari, 2025, ita ma ba ta yi masa daɗi ba.

Kada a ɗauka muna rage masa daraja. Mutumin da ya shigo a 2007 ya yi kunnen doki da Fernando Alonso, zakara sau biyu, a mota iri ɗaya, ya kuma rasa kambu da maki ɗaya tak a shekararsa ta farko, ba a kiransa ɗan sa'a. A Silverstone a 2008, cikin ruwan sama da ya sa manyan direbobi suka yi ta juyawa kamar an sake su a kan santsi, ya bar na biyu da tazarar fiye da minti ɗaya. A wannan shekarar ya ci kambunsa na farko a Birazil a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, iyalan Felipe Massa sun riga sun fara murna. Aikin kuma ba zaman kujera ba ne kawai: ana gudun da ya haura kilomita 300 a sa'a, in an taka birki wuyan mutum yana ɗaukar nauyin kansa ninki huɗu ko biyar, direba kan rasa kilo biyu ko uku na gumi a tsere ɗaya. Ya kuma yi duk wannan yana haɗiye abin da sauran ba su haɗiya ba. A farkon 2008 a Basalona wasu 'yan kallo suka shafa baƙi a fuska suna yi masa ihu. Gwani ne, ba musu. Abin da muke cewa shi ne gwanintar direba tana fitowa ne a iya abin da motar ta ba shi dama.

Mutane da yawa a cikinmu har yanzu suna jin zafin ranar 12 ga Disambar 2021 a Abu Dhabi. Ya shiga tseren da maki daidai da na Verstappen, yana gaba da tazara mai yawa saura zagaye biyar, wani ya yi hatsari, aka fito da motar da ke rage wa kowa gudu. Sai alƙalin tseren ya bar motoci biyar kawai da ke tsakanin su biyun suka wuce, ya kuma saki tseren a zagaye ɗaya na ƙarshe, Verstappen da sabbin tayoyi, Hamilton da tsofaffi. Kambu na takwas ya tafi. Daga baya hukumar FIA ta amsa cewa an yi kuskuren ɗan Adam, ta cire alƙalin daga muƙaminsa, amma sakamako ya zauna. A lokacin mun ji masu cewa don baƙi ne aka yi masa haka. Ba mu da hujjar wannan, kuma bai dace mu riƙa faɗin abin da ba mu da hujjarsa ba don kawai yana sanyaya mana zuciya. Abin da muka gani da idonmu ya isa: an yanke makomar shekara guda a cikin wani ɗaki, ta bakin wanda ba ya riƙe da sitiyari. Mun kuma ga Hamilton ya fito ya taya abokin hamayyarsa murna, Anthony ma ya je ya gaisa da Verstappen da mahaifinsa. Wannan tarbiyya ce, ko a gidan wa aka same ta.

Shi Hamilton ya riga mu gane inda gizo yake saƙar. Ya ce da ya dubi hotunan ƙarshen shekara na ƙungiyoyi a 2019, ɗaruruwan ma'aikata a jere, sai ya ga fuskoki irin tasa ba su taka kara sun karya ba. Bai ce a nemo masa direba baƙi ba. Ya haɗa kai da cibiyar injiniyoyi ta Birtaniya aka kafa kwamitin bincike da sunansa, wanda rahotonsa ya fito a Yulin 2021, aka ƙiyasta cewa baƙaƙen fata ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ma'aikatan Formula 1 ba. Da aka bi sawun matsalar, sai aka tarar tana farawa ne tun daga aji: yaran da ake yawan kora daga makaranta, yaran da ba a ƙarfafa musu gwiwar ɗaukar lissafi da kimiyya, ƙarancin malamai baƙaƙe a waɗannan fannoni, da kamfanonin da ba sa ɗaukar ma'aikata sai daga 'yan jami'o'i ƙalilan. Shi kansa an taɓa korarsa daga makaranta bisa laifin da bai aikata ba, sai da ubansa ya tsaya kai da fata aka mayar da shi. Ya kafa gidauniyar Mission 44 ya yi alkawarin fam miliyan 20 daga aljihunsa. Mutum na iya kushe shi kan zamansa a Monaco inda haraji ba ya ciwo, kuma masu kushen suna da abin faɗa, amma a wannan batu ya sa yatsa daidai kan ƙurjin.

Ya kuma daɗe yana kiran a dawo da tseren Afirka. Rabon nahiyar da Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, kuma a Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda tana nema. In ya tabbata za mu yi murna, amma mun taɓa ganin irin wannan baƙo. Daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa 2007 tseren Paris zuwa Dakar yana ratsa Sahara, sau da yawa ta Agadas da Tenere. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga motocin sun wuce, sun sha ƙura, a wasu ƙauyukan da ke kan hanyar tseren ma an binne yaran da aka banke. Da tsaro ya taɓarɓare aka soke na 2008, aka kwashe tseren zuwa Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya, da sunan Dakar ɗin da komai. Ƙasa takan biya dala miliyoyi goma-goma kowace shekara don a kawo mata Formula 1 na kwana uku. Motoci da injiniyoyi a jirgi suke zuwa, a jirgi suke komawa.

Ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ba al'ummar da za ta nuna mana sanin mota a ƙasar nan. Kakanninmu sun bi hanyar goro da jakuna, iyayenmu suka bi ta da manyan motoci daga Kumasi zuwa Bawku, zuwa Yamai, zuwa Kano. A shiga Suame Magazine, cikin dubun dubatar masu sana'ar da ke wurin, a ƙirga 'ya'yan zango nawa ne a ƙarƙashin mota. A je Abossey Okai a Ankara a ga masu sayar da kayan gyara da za su gane ƙarfe da ido tun kafin a faɗi sunansa. Muna da yaran da za su saurari inji su faɗa maka ciwonsa kamar likita, su ƙera abin da kamfani ya daina yi tun kafin a haife su. Irin wannan kai ne ake nema a Brackley. Abin da ya raba su da wancan ɗaki shi ne lissafi da kimiyya da takardar shaida, kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah tana garin nan ɗaya da Suame, tafiyar trotro ce.

Amma me muke yi? Yaro ya gama ƙaramar sakandare, ko ma bai gama ba, in ya nuna son ƙarfe sai mu ce kansa ba na boko ba ne, mu kai shi gareji mu danƙa wa maigida, mu ɗauka mun sauke nauyi. Koyon sana'a abin alfahari ne, shi ya ciyar da yawancinmu, ba kuma muna cewa a bar shi ba. Kuskuren shi ne raba hannu da kai, kamar wanda ya iya sufana ba shi da bukatar alƙalami. Motocin da ke shigowa yanzu sun fara ƙin yarda da wannan rabo. Sai an jona musu na'ura an karanta abin da ta rubuta, masu aiki da batir kuma suna tafe, ba su da kafireta balle a busa. Bakaniken da bai iya karatu da lissafi ba, nan da 'yan shekaru zai zama yaron wanda ya iya, ko da ya girme shi da shekara ashirin. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce a ƙasar nan, akwai kuma makarantun fasaha. Uzurin kuɗin makaranta ya ragu, saura namu.

Wasu samarinmu kuma abin da suka ɗauka daga Hamilton gudu ne. Ranar ɗaurin aure ko bayan saukowa daga Idi, sai ka ga an jera babura ana tsere a titin da yara da tsofaffi suke tsallakawa, ba hular kwano, ba birkin kirki. Da sun kalli wasan da kyau da sun ga cewa mutanen da suka fi kowa gudu a duniya su ne suka fi kowa tsoron mutuwa. Bayan rasuwar Ayrton Senna a Imola a 1994 aka sake fasalin motoci da filaye. Bayan hatsarin Jules Bianchi a 2014 aka ƙara matsa lamba kan kare kan direba, har aka wajabta wani ƙarfe mai zagaye shi a 2018, wanda direbobi da dama suka ƙi da farko, har da Hamilton. A Monza a 2021 motar Verstappen ta hau kan tasa, tayar baya ta sauka a kan wannan ƙarfe ta goge hularsa. Ya fito da ƙafarsa da ciwon wuya kawai, ya kuma ce ƙarfen ne ya cece shi. Waɗanda suka zana shi suka gwada ƙarfinsa, ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yawancinmu ba za mu iya saya wa yaro motar tsere ba, ko ta hannu, kuma ba wani Ron Dennis da zai zo zango neman direba. Abin da Anthony Hamilton ya yi wanda ba ya bukatar fam ko sidi shi ne tsayawa a bakin kwana, da zuwa makaranta ranar da aka kori ɗansa. In takardar zaɓen makarantu ta zo wa ɗaliban da za su rubuta BECE, a gidaje da yawa yaro ne da abokansa suke cike ta a bakin titi, uba yana tasha, uwa tana kasuwa, sai dai a kawo musu su dangwala hannu. A cikin layukan takardar akwai wanda aka rubuta kimiyya, akwai na fasaha. Yaron nan da ya kwance rediyon gida yana shekara tara aka yi masa duka, da yarinyar da take gyara wa kowa waya a gida, wa zai zauna da su a kan tabarma ranar da za a cike ta?